A Hannun Wa Kuɗin Waje Ke Fara Sauka? Cinikin Ƙetare da Bashi a Tattalin Arzikin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda cinikin ƙetare da kuɗin da ake samowa daga waje, na bashi ko na jari, suka juya akalar tattalin arzikin Nijeriya tun daga zuwan jirgin ƙasa Kano har zuwa sakin naira a 2023. Hujjar da ta kafa ita ce, yawan kuɗin wajen da ƙasa ke samu bai isa ya nuna amfaninsu ba, sai an san hannun da suke fara sauka a ciki. Kuɗin gyada da auduga sun ratsa ta hannun manoma da fatake kafin su kai baitulmali. Kuɗin mai da na bashi kuwa asusun gwamnati suke faɗawa kai tsaye, daga baya a raba. A ganin takardar, wannan bambanci ne ya fi bayyana durƙushewar noman fitarwa da masana'antu, da rikicin canjin kuɗi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da gazawar matakan hana shigo da kaya.

Gabatarwa



Muhawarar masana kan amfanin cinikin ƙetare ga ƙasa mai tasowa tsohuwa ce. Tun 1817 David Ricardo ya kafa ra'ayin cewa kowace ƙasa ta riƙe abin da ta fi samun sauƙin samarwa, ta sayo sauran daga waje, kowa ya ci riba. A 1950 Raúl Prebisch da Hans Singer, kowa a nasa aikin, suka nuna cewa ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya tana sayen sarrafaffe, sannu a hankali kayanta rage daraja suke yi a gaban na abokin cinikinta. Daga nan aka rabu gida biyu: masu cewa a buɗe, da masu cewa a rufe a gina masana'antun gida. Nijeriya ta gwada duka biyun, kuma babu wanda ya kai ta inda aka yi mata alkawari.

Dalilin da ya sa ƙasa irin tamu ke buƙatar kuɗin waje a fili yake. Injina da kayan gyaransu, magunguna, taki, da duk abin da ba mu ƙerawa, ba a sayar mana da su da naira. A 1966 Hollis Chenery da Alan Strout suka tsara wannan a matsayin giɓi biyu, giɓin ajiya a cikin gida da giɓin kuɗin musaya, suka ce bashi da tallafin waje na iya cike su har ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Lissafinsu jimla kawai yake gani. Dala miliyan ɗaya da manoman riɗi dubu goma suka samo, da dala miliyan ɗaya da ta fito daga rijiyar mai guda, a littafin Babban Banki lamba ɗaya ce. A rayuwar jama'a kuwa sun sha bamban, kuma a kan wannan bambanci takardar za ta tsaya.

Zamanin gyada

Ƙasar Hausa ba baƙuwar cinikin nesa ba ce. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da saƙi da rini sun bunƙasa har ana kai tufafin Kano Timbuktu da Gat da Turabulus. Fatar jan akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara tana isa Turai da sunan fatar Maroko. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna safarar goro daga Gwanja, da jarinsu da masaukansu da tsarin ba da kaya bashi bisa amana.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Lankasha na neman madadin audugar Amurka. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature. Gyada kuwa ba ta cin wahala kamar auduga, tana gyara ƙasa, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cinta ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978 kan asalin fitar da gyada, fataken goro ne suka shiga ƙauyuka suna ba da gishiri da yadi da kuɗi kafin kaka don a noma musu gyada. A 1912 abin da aka fitar bai kai tan 3,000 ba, a 1913 ya haura tan 19,000. Babu jami'in da ya tsara wannan. Farashi ne ya isa kunnen manomi, shi kuma ya amsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin waɗannan fatake ya fito, ya zama babban mai sayen gyada wa kamfanonin Turawa.

Ba na so a ɗauka zamanin dalar gyada zamanin adalci ne. Harajin da aka wajabta biya da tsabar kuɗi yana cikin abin da ya tura manomi ga sikeli. Kamfanonin Turawa sukan haɗa baki su tsayar da farashi, 'yan baranda su ci nasu a wurin awo. Da kasuwar duniya ta rushe a farkon shekarun 1930, manomin da ya rage gonar gero don gyada shi ya ji jiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda suka koma hannun gwamnatocin jihohi uku a 1954, da hujjar kare manomi daga hawa da saukar farashi. A aikace hanyar karɓar haraji suka zama. Gerald Helleiner ya ƙiyasta cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1960, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyada ya samu an riƙe shi ta hanyar haraji da rarar hukuma.

Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Kashi ukun da suka rage sun shiga aljihun dubban ɗaruruwan magidanta, suka zama kwanon rufi da keke da garma da kuɗin aure da kujerar Makka, suka raya tela da maƙeri da mai mota. Na biyu kuma, wanda a ganina ya fi nauyi: gwamnatin Jihar Arewa ta san daga inda abincinta ke fitowa. Idan manomi bai yi shuka ba, babu albashi. Don haka dole ta kula da iri da malaman gona da hanyar da za a fito da buhu zuwa tasha, da binciken da ake yi a Samaru. Daga rarar hukumar ne aka sa hannun jari a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyada a duniya.

Zuwan mai

An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. A ƙarshen 1973 farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Wannan ya zo daidai da farin 1972 zuwa 1974, sai kuma cutar da ta cinye gyada a 1975. Sau da yawa akan ɗora wa fari da cuta alhakin mutuwar noman fitarwa, amma fari ya taɓa zuwa a baya kuma an farfaɗo. Abin da ya hana farfaɗowa a wannan karo shi ne gwamnati ta daina buƙatar manomin.

Ga yadda abin ke aiki. Dalar mai tana shigowa asusun gwamnati da yawa, sai naira ta yi ƙarfi fiye da ƙima. A 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu. Mutane da dama har yau suna tuna wannan da kewa, kuma na fahimci dalilinsu, amma ga mai noman koko ko gyada ko auduga wannan ƙarfi hukuncin kisa ne: duk dalar da kayansa suka samo, kwabo kaɗan take komawa in an canza ta, alhali ƙarin albashin Udoji na 1974 da kwangilolin birni sun tsadar da ƙwadago. Shinkafar waje da alkama da daskararren kifi kuma sun yi arha. Masana suna kiran wannan cutar Holan. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985 kan tarkon alkama, sun nuna yadda burodi ya zama abincin talakan birni bisa alkamar Amurka mai arha, ana kuma zuba maƙudan kuɗi a Kadawa da Bakolori don a noma ta a gida da tsadar da ba za ta iya gasa ba.

Masana'antun da aka gina a lokacin ma bisa dalar mai suka tsaya. Kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, daga Faransa ake kawo masa sassan mota. Haka na Fiat a Kano da na Steyr a Bauchi, su ma daga waje ake kawo musu sassa. An kira wannan maye gurbin kayan waje, amma abin da aka yi shi ne sauya sayen mota da sayen sassanta. Ranar da dala ta yanke, layin aiki ya tsaya. Badaƙalar siminti ta 1975, lokacin da aka yi odar kusan tan miliyan 20 har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ana biyan su kuɗin jira, ta nuna abin da ke faruwa idan kuɗin waje suka taru a hannun 'yan tsirarun jami'ai masu sa hannu.

Indunusiya ta samu irin wannan garaɓasa a lokaci guda, ita ma ƙarƙashin soja, ita ma da cin hanci mai yawa. Amma ta zuba kaso mai tsoka na kuɗin mai a taki da ban ruwa da hanyoyin karkara, ta kuma karya darajar kuɗinta da gangan a 1978 tun mai yana da tsada, don kada sauran kayan fitarwarta su mutu. A 1984 ta wadatu da shinkafa. Wannan ya nuna cewa ba dole ne mai ya kashe gona ba. Sai dai idan kuɗin suka sauka a hannun gwamnati, komai ya rataya ga shawarar mutane ƙalilan, kuma babu abin da ke tilasta musu su zaɓi daidai.

Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu ƙasar da ta gina layin dogo da madatsun ruwa ba tare da shi ba. Abin dubawa shi ne me aka yi da shi, da kuma kuɗin da za a biya shi da su. A 1978 Nijeriya ta ciwo dala biliyan 1 daga bankunan kasuwanci na duniya, bashi mafi girma da ta taɓa ci a lokacin. Kuɗin da mai ke kawowa ya faɗo daga kusan dala biliyan 25 a 1980 zuwa ƙasa da biliyan 7 a 1986. Gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka mayar da shigo da kaya bisa lasin. Nan take lasin ɗin ya zama haja. Wanda ya san wani a ma'aikata ya karɓa ya sayar wa mai masana'antar da ke buƙatarsa da gaske. Kayan da aka shigo da su ba a biya ba suka taru, hukumomin inshorar fitar da kaya na ƙasashen Turai suka biya kamfanoninsu, bashin ya koma na gwamnati da gwamnati.

A 1985 gwamnatin Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, aka bar rancen, amma a 1986 aka ɗauki sharuɗɗansa da sunan shirin SAP. Aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba, dala ta tashi daga wajen naira ɗaya zuwa wajen naira huɗu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka soke lasin. Adalci ne a ce manoman koko sun amfana, kuma wasu masaƙu sun koma neman audugar gida. Amma ma'aikacin albashi ya talauce, makarantu da asibitoci suka lalace, kuma kaso mai yawa na abin da aka tsuke ya tafi biyan bashi.

A ƙarshen 2004 bashin waje ya kai kusan dala biliyan 36, wajen biliyan 30 daga ciki na Kulob ɗin Faris ne, wato ƙungiyar gwamnatocin da ke bin bashi, kuma babban ɓangarensa kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri a kan waɗancan basussukan na farkon shekarun 1980. A yarjejeniyar Oktoba 2005, lokacin Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe biliyan 18, Nijeriya ta biya biliyan 12.4. Bashin waje ya sauko ƙasa da biliyan 4. A ƙarshen 2023 ya sake haura biliyan 42.

Bai kamata a yi wa wannan sabon bashi kuɗin goro ba. Akwai mai sauƙin ruwa na Bankin Duniya. Akwai na bankin Exim na Sin, kamar dala miliyan 500 da aka sa a layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda aƙalla ana ganinsa a ƙasa. Sannan akwai takardun lamuni da ake sayarwa a kasuwannin Turai tun 2011, waɗanda su ne suka fi damuna. Na watan Disamba 2024 an sayar da su da ruwan kashi 9.6 da kashi 10.4 cikin ɗari, a dala, don cike giɓin kasafi. Bashin da ya tafi albashi da tallafin mai ba ya haifar da dalar da za ta biya shi. Kuma duk lokacin da naira ta faɗi, nauyinsa a kasafi ninkuwa yake yi ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 hidimar bashi, na gida da na waje, ta cinye kusan kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Farashin dala da masu rabonta

Mai bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa ba a 'yan shekarun nan, amma shekara da shekaru shi ke kawo kusan kashi 90 na kuɗin kayan da ake fitarwa. Ma'anar wannan ita ce Babban Banki ne babban mai sayar da dala, kuma duk wanda ke da ikon tsayar da farashinta da zaɓen wanda za a ba, yana riƙe da dukiyar da ta fi kasafin ma'aikatu da dama. Zamanin Abacha farashin hukuma ya tsaya a naira 22, ana sayarwa sama da 80 a kasuwa. A farkon 2017 hukuma na cewa 305, 'yan canji a Wapa na sayarwa sama da 500. A watan Mayun 2023 wajen 460 ne da wajen 750. Wanda ya samu dala miliyan ɗaya a farashin hukuma ya juya ta, ya ci ribar da mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ba zai gani ba ko ya shekara yana fama da janareta.

Ɗaya gefen wannan tsari shi ne mai fitar da kaya. Doka ta ce ya dawo da kuɗin cinikinsa cikin kwana 180 ta banki. Idan bankin zai canza masa a farashin hukuma, shi kuwa ya sayi riɗinsa a Dawanau da farashin da ke bin kasuwar bayan fage, to an ɗora masa harajin da ba a rubuta a ko'ina ba, irin wanda hukumar gyada ta ɗora wa kakansa. Sai ya rage ƙimar kayan a takarda, ko ya bi da su ta maƙwabta. A 2022 Babban Banki ya fito da shirin ba da tukuicin naira 65 kan kowace dala da aka dawo da ita, alhali tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta ninka haka sau da yawa.

Haɗe farashin da aka yi a Yunin 2023 ya toshe wannan kafa, kuma ina ganin ya zama dole. Amma ya zo tare da cire tallafin mai, ba tare da tanadin da zai tare talaka ba. Dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Don jawo masu zuba kuɗi na ɗan lokaci, Babban Banki ya ɗaga ruwansa zuwa kashi 27.5. Irin waɗannan kuɗi suna taimaka wa naira ta tsaya, amma ba sa gina komai, kuma sun taɓa ficewa cikin gaggawa bayan faɗuwar mai ta 2014 da kuma a 2020. Mai masana'anta da zai ci bashin banki da ruwan kusan kashi 30 shi ke biyan kuɗin zamansu.

Hani da rufe iyaka

Duk lokacin da dala ta yi ƙaranci, hannun hukuma yakan fara kaiwa ga hani. An hana shigo da alkama a 1987 aka janye a 1992. An hana wa kaya 41 dalar hukuma a 2015 aka janye a 2023. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi, wannan gaskiya ne. Amma hauhawar farashin abinci ta tashi daga wajen kashi 13 zuwa sama da 19 cikin ɗari a tsakanin, shinkafar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba, kuɗin fito da ita ta daji ne ya ƙaru. Mai kai tabarmar roba ko taliya Maraɗi da Damagaram bisa ƙa'ida shi ya yi asara.

Masaƙu ne babban misali. An ɗage hanin shigo da yadi a 1997, aka maido da shi bayan 'yan shekaru, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ƙa'idar rabon kason tufafi ta duniya ta ƙare a 2005. Da hani da babu hani, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Hani ba ya kawo wutar lantarki, ba ya samar da baƙin mai, ba ya gyara irin auduga.

Akwai misalin da ke ƙalubalantar wannan ra'ayi nawa, kuma bai kamata in tsallake shi ba. Manufar siminti ta 2002 ta ba da izinin shigo da shi ga waɗanda suka fara gina masana'anta a gida kawai, kuma ta yi aiki: ƙasar da ta taɓa cika teku da jiragen siminti yanzu tana fitar da shi.  Bambancin shi ne kariyar ta zo da sharaɗin zuba jari, kuma dutsen siminti yana nan a ƙasa. Sai dai farashin buhu ya nuna abin da mai saye ke biya idan kasuwa ta koma hannun kamfanoni biyu ko uku. Koriya ta Kudu ta kare kamfanoninta, amma ta ɗaure kariyar da sharaɗin sayarwa a kasuwar duniya, inda ba a iya ɓoye rashin inganci.

Dalar da ke shigowa ta hannu da yawa

Jarin baƙi na dindindin ya kusa dala biliyan 9 a 2011, daga nan ya yi ta raguwa, kuma mafi yawansa a mai da gas yake. Shigowar kamfanonin wayar salula a 2001 ita ce misalin jarin da ya canza rayuwar mai kayan miya da ɗan acaɓa. Abin da ya fi jarin baƙi yawa nesa ba kusa ba shi ne aiken 'yan Nijeriya mazauna waje, wajen dala biliyan 20 a shekara bisa ƙiyasin Bankin Duniya. Waɗannan kuɗi hannun iyalai suke sauka, su tafi makaranta da asibiti da gini, kuma ba sa guduwa idan mai ya faɗi.

Kayan fitarwa da ba mai ba sun kai kusan dala biliyan 5 da rabi a 2024, tsadar koko ta taimaka. A Arewa, riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da fata su ne magadan gyada, kuma su ne kuɗin wajen da ke fara sauka a hannun manomi a Jigawa da Binuwai da Kachiya. Abin da ke tauye su ƙanana ne idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa wajen kare naira. Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Maganin wannan shi ne ɗakunan gwaji da duniya ta yarda da shaidarsu a kusa da Dawanau da Maigatari, da buhunan adana hatsi marasa shigar iska, da malaman gona da ke zuwa ƙauye. Ɗan kasuwar da ya samu odar kwantena biyar daga Turkiyya ko Japan yana buƙatar jarin wata uku, bankuna kuwa fili a Abuja suke nema jingina. Da yawa daga 'yan kasuwarmu ma ba za su taɓa bashi mai ruwa ba. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnati kuma ta fara sayar da sukuk a 2017, an ga cewa akwai kuɗi masu yawa da ke jiran hanyar halal. Salam, wato biyan kuɗin kaya kafin a kawo su, da murabaha, wato sayar da kaya bisa ribar da aka bayyana, sun dace da cinikin amfanin gona ƙwarai, kuma ya kamata bankin NEXIM mai tallafa wa cinikin ƙetare da bankunan Musulunci su tsara su don masu fitar da kaya, takardar oda da rasiɗin sito su tsaya a matsayin jingina.

Sai cinikin maƙwabta, wanda alƙaluman hukuma ba sa ganin mafi yawansa. Dabbobi da wake da albasar Galmi suna gangarowa daga Nijar, hatsi da kayan masana'anta suna haurawa, ana biya da naira da sefa ta hannun 'yan canji, ba tare da an nemi dalar Babban Banki ba. Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan tsari a nazarinsa kan Alhazan Maraɗi tun 1986. A Yamai Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yulin 2019, wata guda kafin ta rufe iyakokinta. An sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 saboda takunkumin ECOWAS, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Wannan ya sa ana buƙatar yarjejeniya ta musamman tsakanin ƙasashen biyu, wadda za ta ba ƙaramin ɗan kasuwa takarda ɗaya mai sauƙi da kuɗin fito sananne a Jibiya da Illela da Kongolom. Kafin a tsara ta, dole a san girman abin da ake magana a kai. Jami'o'in Kano da Katsina da Sakkwato da na Maraɗi da Damagaram suna da ɗalibai da malaman da za su iya zama a waɗannan kasuwanni shekara guda cur, rani da damina, suna ƙirga buhu da kan dabba da farashin canji, kuma ina roƙon manazarta su ɗauki nauyin fara haɗa su.